An Kai Baba Malam Ba Mu Nan

Mai ƙosan bakin lungu ce ta fara hango mu. Tsohuwa ce, tun muna ’yan makaranta take suya a wurin, duk Gyadi-Gyadi babu wanda bai ci ƙosanta ba. Ta ɗago kai ta ƙare mana kallo, ayari guda, kowa ya sha babbar riga, sai ƙamshin turare ke tashi. Ta ajiye cokalin suyar a gefen kasko ta ce, "Sai yanzu?" Ta ci gaba da juya ƙosanta.

A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa. Mai unguwa yana zaune cikin dattawa, ya amsa sallamarmu can ciki-ciki. Da muka zauna ya yi magana, ba ma mu yake kallo ba. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi mana rashin maƙwabci. Mutumin nan tun da ya tare a lungun nan ban taɓa jin kansa da kowa ba." Sai kuma ya gyara. "A'a, kada in yi wa mamaci ƙarya. Ya yi faɗa da kowa, har ni. Amma duk faɗansa a kan kwata ne." Dattawa suka yi ’yar dariya mai ciwo. Liman, wanda yanzu ba ya gani sosai, ya ce shi dai abin da zai iya shaida shi ne bai taɓa fitowa aikin unguwa bai tarar Malam ya riga shi ba. Daga cikin gida matan coci suna rera waƙa a hankali. Wata a cikinsu ta leƙo ta zaure ta gan mu, ta juya ta ce da ’yar uwarta, da ƙarfi yadda za mu ji, "Ga yaran nasa da yake cika mana baki da su. Sun iso."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige. Baba Malam ya rasu ranar Alhamis, an kai shi ranar Juma'a, mu kuwa tsofaffin ɗalibansa mun zo ranar Asabar da yamma don mu sanar da iyalinsa irin gagarumar jana'izar da muke shirya masa. A kan tabarmar nan muka ji cewa tun jiya yana kabari.

Abin kuma bai tsaya a kunyarmu ba. Babban ɗansa ya zo daga garinsu, can Kudancin Kaduna, da niyyar ya tafi da mahaifiyarsa, wadda kowa a unguwa ke ce wa Mama. Shekara da shekaru yana jan iyayen nasa su koma gida, su kuma suna ƙi. Hujjar Mama ɗaya ce tal, kullum ita take maimaita masa: "Mu a Kano ba baƙi ba ne, muna da yara a garin nan." Mu ne yaran.

Bari in koma baya saboda waɗanda ba su san shi ba. Na shiga ajinsa a shekarar da sojoji suka fara miƙa wa farar hula mulki, a wata sakandaren maza da ke ɓangaren Tarauni. Darasin harkokin mulki yake koyarwa. Gajere ne, baƙi, mai sanƙo, kullum cikin riga mai gajeren hannu, alli a aljihu, goro a kunci. Cin goronsa ko Bakano sai ya sara masa. Keke yake hawa, kuma ba ya wuce dattijo a kan keken sai ya sauka ya gaishe shi, shi ya sa tafiyar da ba ta kai komai ba sai ta cinye masa rabin safiya.

Lokacin gari ya ɗauki zafin siyasa. Ko'ina waƙar jam'iyya, ko'ina tuta, mu ’yan makaranta har dambe muke yi a kan jam'iyyun da ko ƙuri'a ba mu isa jefa musu ba. Wata rana wani ɗan ajinmu mai bakin tsiya, wanda yanzu shi ne kansilan mazaɓarmu, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai wace jam'iyya kake?" Malam ya ce ranar Asabar da safe kowa ya same shi a bayan kasuwa, zai nuna mana jam'iyyarsa. Muka zo da ɗoki, mun sa rai za a raba mana hula da riga. Muka tarar da shi tsaye a bakin babbar kwata, wando a naɗe, ga shebur, ga manjagara, ga kwanduna. Kwatar ta toshe tun ba a san ranar ba, wari kamar ya kashe mutum.

Ya ce, "Kwatar nan ta wa ce?"

Muka ce ta gwamnati ce.

"To, gwamnati a wane lungu take kwana? Ku nuna min gidanta in je in taso ta." Ya nuna ni da yatsa. "Kai, in ruwa ya yi ambaliya, ɗakin wa yake shiga?"

Na ce na babarmu.

"To, ɗauki shebur."

Wani ya ce ai sai a fara naɗa shugaba da mataimaki, kamar yadda manya ke yi. Malam ya tofar da tukar goro ya ce, "Taron tsintsiya ke nan, ba shara. A fara haƙa tukuna. In an yi gumi shugaba zai fito da kansa, kowa zai gan shi." Wannan ita ce ƙa'idarsa har ya bar koyarwa, ba a zaman taro sai an taɓa aiki. Ya shiga kwatar nan har gwiwa kafin kowa. Mu ma dole muka bi shi, muna toshe hanci muna tsine masa a zuci.

Ranar Litinin a aji sai ya ɗauko abin da muka gani ya mai da shi karatu. Wa ke karɓar harajin kasuwa? Ina yake zuwa? Wa ke da alhakin kwashe tsibin sharar da muka tara a bakin titi? Ya koya mana ba a sa shebur a lungun mutane sai an fara zuwa an durƙusa an gai da mai unguwa. Ya kai mu ofishin ƙaramar hukuma neman motar kwasar shara, ya samu baranda ya zauna, ya ce mu za mu shiga mu yi magana, shi ba ruwansa. Aka ce mana maigida ba ya nan. Ya ce mu zauna. Aka ce mu dawo gobe. Ya ce mu ce to, mu kuma ci gaba da zama. "Kada ku ɗaga murya, kada kuma ku tashi," in ji shi. Wajen la'asar maigidan da ba ya nan ya gaji da ɓuya ya fito, washegari mota ta zo.

Ko shugaban aji bai yarda a naɗa mana ba, sai mun jefa ƙuri'a a gwangwanin madara. Ƙarshen zango kuma ya tsayar da wanda muka zaɓa a gaban allo mu yi ta jefa masa tambaya har sai ya yi gumi. Yakan ce, "Wanda ka zaɓa ɗan aikenka ne. Ka gaishe shi da ladabi, sannan ka tambaye shi ina aiken." In an tashi aikin Asabar kuwa gidansa muke zarcewa, Mama ta jibga mana tuwo da miyar kuka. Naman miyar wurin mahaucin unguwa take saya, a gaban kowa, don kada wani uba ya samu abin faɗa.

Duk da haka mahaifina ya samu. Tela ne a Gyadi-Gyadi, mai zafin rai, a wurinsa na gaji nawa. Ranar da na koma gida da warin kwata har ƙeya, ya ja ni ta hannu har ƙofar gidan Malam, lungu ɗaya ne tsakaninmu, ya kwaɗa sallama kamar zai tsaga zauren.

"Malam, na kai ɗana boko don ya zama akawu, ka mai da min shi ɗan kwasar kwata? In kwata nake so ya koya, ai ba sai na ɗinka masa farin wando ba!"

Malam ya ce, "Alhaji, akawun da bai san warin unguwarsu ba, shi ne wanda zai ce maka ka dawo gobe."

"Kai baƙo ne, ina ruwanka da kwatarmu?"

Kalmar nan ta soki Malam, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Sauron kwatar nan bai taɓa tambayata garinmu ba kafin ya cije ni." Ya juya ya shige gida. Damina guda cur ba sa ga-maciji da juna.

Katangar maƙabarta ce ta sasanta su. A ƙarshen daminar ruwa ya kayar da gefe guda na katangar maƙabartar unguwa, awaki da karnuka suka mai da wurin hanya. Dattawa suka yi ta zama a ƙofar masallaci, a yi fatiha a tashi, katanga tana nan a ƙasa. Malam ya je ya gai da Liman da mai unguwa, ya nemi izini, ya kwaso mu. Asabar bayan Asabar muna kwaɓa ƙasa muna buga tubali. Shi kuwa duk tsawon aikin bai taɓa sa ƙafa a cikin maƙabartar ba. Daga waje yake tsayawa yana miƙo tubali, ya ce bai san ladabin shiga wurin ba, ba zai taka kabarin iyayen mutane da jahilci ba. Kakata a nan take kwance. Ana cikin aikin sai ga mahaifina da ƙwaryar fura, da kansa ya ɗauko, bai aiko kowa ba. Ya dangwarar da ita a gaban Malam ya ce, "Sha, dubi yadda ka rame." Iyakar ban haƙurin ke nan, Malam kuma bai nemi ƙari ba. Daga ranar, duk yamma a bencin shagon mahaifina yake hira, suna musun siyasa har magariba ta raba su.

Sojoji suka dawo, mu kuma muka watse neman abinci, Malam ya yi ritaya. Duk lokacin da gari ya yamutse, wasu daga cikin ’yan uwansa Kirista sukan ɗaure kaya su tafi, babban ɗan ya zo ya yi ta roƙo, iyayen su ce babu inda za su. A wannan Mama ma ta fi mijinta taurin kai.

Ranar da mahaifina ya rasu, da hantsi abin ya faru, kafin la'asar an kai shi. Malam ne ya fara isowa ƙofar gidanmu. Ya tsaya gefe da ake salla, ya bi mu har bakin katangar nan ya tsaya daga waje. Da muka dawo zaman makoki sai ya ce, cikin mutane, "Wannan al'adar taku tana burge ni. Mutum ya mutu, maƙwabtansa su ɗauke shi a kafaɗa tun jikinsa bai huce ba. Ni ma ranar tawa haka nake so. Ni ba kifi ba ne da za a sa ni a ƙanƙara ana jiran baƙi." Aka yi dariya, har da ni da nake cikin hawaye. Ya sha faɗin haka a wurare da yawa, kowa ya ɗauka cikin barkwancinsa ne.

Bara sojoji suka sake komawa bariki, siyasa ta dawo, mai bakin tsiyar ajinmu ya ci kansila, wasunmu suka zama ’yan kwamitin kaza da kaza. Malam ya tsufa, ƙafa ta ƙi. Ranar Alhamis ɗin nan da hantsi autarsa ta zo shagona na kayan gini a Daurawa, idanu jajur. Ta ce, "Yaya, Baba ya rasu. Mama ta ce a gaya wa yaransa." Na yi salati, na yi kuka, na rufe shago. Amma ban tambaye ta yaushe za a kai shi ba, ko a raina tambayar ba ta zo ba. Duk wanda ya tashi a Kano ya san, ko dai yana tsammanin ya sani, cewa Kirista ba sa gaggawa. A kai gawa asibiti a ajiye, a jira dangi daga nesa, a ɗinka anko, sai an yi makonni. Ita kuma yarinyar ta ɗauka in ka ce wa Bahaushe an yi rasuwa ka gama gaya masa komai, takalmi kawai zai saka ya biyo ka. Kowa ya auna ɗan uwansa da al'adar ɗan uwan, muka saɓa a hanya.

Maimakon in wuce Gyadi-Gyadi, sai na wuce gidan Kansila. Ya ce, "Haba, Malam ya wuce a je masa ɗaya-ɗaya kamar masu aron gishiri. Mu haɗa kan tsofaffin ɗalibai mu je da girma, garin nan ya san ya yi yara." Maganar ta yi min daɗi, ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Aka baza ’yan aike Ƙauyen Alu, Unguwar Gano, har cikin birni. Ranar Juma'a bayan masallaci muka cika falon Kansila.

Kai, tir da wannan zama! Aka fara da wa zai shugabanci kwamiti. ’Yan jam'iyyar Kansila suka ce shi, ’yan ɗaya jam'iyyar suka ce sai dai a fasa, jana'izar malaminsu ba za ta zama kamfe ba. Aka koma kan anko, shadda ko yadi, fari ko shuɗi. Aka yi musu a kan wa zai yi jawabi, da ko za a kira ’yan rediyo. Ni da bakina na miƙe na yi faɗa, har da dukan tebur, wai an mance da ’yan ajinmu a kwamitin abinci. Manya-manyan mutane, wasu da furfura, duk mun shiga kwata a bayan mutumin nan, duk mun ji ƙa'idarsa da kunnenmu, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ce a tashi a je a gai da Mama tukuna ba. Muka watse dab da magariba muna yaba wa juna.

Abin da ke faruwa a Gyadi-Gyadi a daidai lokacin, mai unguwa ne ya ba mu labari. Ashe Malam ya bar wasiyya a wurin matarsa da fastonsu, kada ya kwana biyu ba a binne shi ba, kuma a Kano, ba a garinsu ba. Babban ɗan ransa bai so ba, amma ya bi. Da hantsin Juma'a an gama addu'a, akwati yana tsakar gida, mota tana bakin titi don ba ta iya shiga lungun. Matasan coci suka matso za su ɗauka, Mama ta tare ƙofa. Ta ce, "Ku dakata. Yaransa ne za su ɗauke shi zuwa titi, haka ya ce. Suna zuwa." Aka jira. Aka sake aiken autar zuwa shagona, ta tarar a rufe. Rana ta take, fasto yana duba agogo, ɗan ya yi magana, Mama ta ce ai yau Juma'a ce, suna masallaci, a bari a sauko. Aka sauko, lungu ya cika da masu dawowa, tana tsaye a zaure tana bin fuskoki da kallo. Sai da la'asar ta wuce sannan ta matsa daga ƙofar da kanta. Ɗansa da matasan coci da wasu ’yan acaɓa na bakin lungu su suka ɗauke shi, mai unguwa da dattawan da ƙafarsu ke iya tafiya suka raka zuwa titi.

Da muka shiga cikin gidan ranar Asabar, babban ɗan ne ya tare mu a tsakar gida. Sa'ana ne, tare muka buga tubalin katanga. Ya dube ni ya ce, "Da aka ce babanka ya rasu, babana kwamiti ya kafa?" Ya juya wurin uwarsa. "Mama, ga yaran naki, kin gani da idonki. Jiya gawa ce ta jira su. Gobe in gari ya rikice, ke ce za ki tsaya a zaure kina jira."

Mama tana zaune a tabarma cikin baƙaƙen kaya, duk ta faɗa. Da ta zage mu da mun ji sauƙi. A'a, sai ta sa aka kawo mana ruwa, ta bi mu ɗaya-ɗaya tana tambayar iyali. Ta tuna wanda matarsa ta haihu, ta tuna wanda tsohuwarsa ke fama da ciwon ƙafa. Kansila ya gyara murya ya ce za a sa wa lungun sunan Malam, za a riƙa taron tunawa da shi duk shekara. Ni kuma na durƙusa na ce, "Mama, don Allah ki yafe mana, kada ki tafi. Wallahi ba raini ba ne, mun ɗauka akwai lokaci. Cefanenki, asibitinki, komai a wuyanmu."

Ta ce, "Na san ba raini ba ne, ɗana. Na yafe tun jiya. Amma shekara da shekaru da magana ɗaya nake rufe bakin yaron nan. Yanzu in na buɗe nawa bakin, me zan ce masa?"

Mun yi ta zarya bayan nan. Kullum sai wani ya je, wannan da shinkafa, wancan da itace. Muka yashe kwatar lungun, muka gyara mata rufin da ke yoyo. Mai unguwa ya sa baki, Liman ya aika a ba ta haƙuri. Tana karɓarmu da fara'a, tana sa mana albarka, amma in aka taɓo maganar zama sai ta tambayi lafiyar yara. Ihu bayan hari muke yi, mun kuma san haka.

Na zauna na rubuta wannan ne don ’ya’yanmu da ke wucewa ta jikin katangar maƙabarta su san wanda ya miƙa tubalinta, kada a wayi gari a ce gwamnati ce ta gina. Hisabi na Allah ne, ba nawa ba. Ni dai shaidata ita ce mutumin nan ya zauna da mu da gaskiya, ya koya mana abin da muka kasa riƙewa a ranar da shi kansa ya buƙace shi. Allah ya ba iyalinsa haƙurin rashi, mu kuma ya shirye mu.

Bayan an share makoki da ’yan makonni, autar ta sake zuwa shagona ta ce gobe da safe motar kaya za ta zo, Mama za ta bi yayanta garinsu. Wannan karon ban bi ta gidan kowa ba. Na idar da sallar asuba na wuce Gyadi-Gyadi, na tarar wasu sun riga ni, har da Kansila, daga shi sai singileti. Babu wanda ya ce wa wani yi kaza. Muka kwance gado, muka ɗauki kabad, tukwane, turmi, buhunan littattafan Malam, muna bin lungu da su a kafaɗa zuwa titi. Kafin rana ta yi zafi gidan ya zama wayam, sai ƙusoshi a bango. Babban ɗan ya ba kowa hannu.

Mama ce ta fito a ƙarshe. Matan lungu suka rako ta suna share hawaye da bakin mayafi, aka buɗe mata gaban mota. Kafin ta hau ta juyo ta dube mu, mun jeru a bakin titi, gumi na ɗiga daga haɓa. Babu ko ɗigon zafi a muryarta. Ta ce, "Sannunku da aiki, yarana. Yau kam kun zo da wuri."

Direba ya ta da mota, suka hau titin Zariya.